Amanar da muke turawa makaranta kowace safiya

 

'Yan uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa shiga kara a Maigatari ranar Alhamis ya san yadda ake tsaron dabba. Mai sa ba ya ɗauke idonsa daga kan sansa, mai raƙumi ya dabaibaye nasa, kuma kafin a loda shanu a babbar mota zuwa Kudu sai an duba ƙofa da igiya. Wannan daidai ne, domin addini ya hana tozarta dukiya. To amma a wannan safiyar, mutumin nan ya sallami ɗansa ɗan shekara bakwai zuwa makaranta, bai san ko ajin yaron na da rufi ba, bai san inda zai sha ruwa ba, bai san wa zai tsallakar da shi titi ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kamanta kowane mai iko da makiyayi, ya kuma sanar da mu cewa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Gwamna na ciki, shugaban ƙaramar hukuma na ciki, hedimasta na ciki, uba da uwa ma haka.

Ku tuna abin da ya sami maƙwabtanmu a Maraɗi ranar 8 ga Nuwamba 2021. Wuta ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare, yara aƙalla 25 suka rasu, 'yan shekara biyar zuwa shida. Watanni bakwai kafin nan, a Afrilu, irin wannan gobara ta cinye yara 20 a Yamai. Ba ɗan bindiga ko ɗaya a wurin. Kara ne da iska da rashin mafita. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da maras daɗi, amma Annabin da ya koya mana ƙaddara shi ne, da wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, ya umarci sahabbai su riƙa kashe wuta kafin su kwanta. Shi ne kuma ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah. Wanda ya ga katanga ta tsage a kan yara ya yi shiru, kada ya kira shirunsa tawakkali.

Satar ɗalibai kuwa kun san tarihinta: Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021. Allah ya rufa mana asiri, ba mu ga irin wannan a ƙasar Gumel ba, muna roƙonsa ya ɗore mana da zaman lafiya. Sai dai muna da namu abin tsoron. A 2023 Jigawa ce ta fi kowace jiha a Najeriya yawan masu sanƙarau, a daidai lokacin da cutar ke yaɗuwa a jihar Damagaram, tsallaken iyakarmu. Cuta ce da ke son zafi da ƙura da cunkoso. Ajin da aka cusa yara ba taga, ko ɗakin kwanan almajirai da numfashin wannan ke faɗawa fuskar wancan a tsakiyar bazara, shi ne gidanta.

Hukuma ta ɗauki alkawari, kuma ya kamata ku san shi domin ku nemi a cika. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin wannan aiki, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗauki kuɗin gine-gine. Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a birnin Oslo a 2015, ta kuma fitar da shirin kashe Naira biliyan 144.8 kan tsaron makarantu daga 2023 zuwa 2026. Wannan kuɗi haƙƙin 'ya'yanku ne, ba kyautar wani ɗan siyasa ba. Yaron Gagarawa da yarinyar Sule Tankarkar suna da rabo a ciki daidai da ɗan Dutse. Tambayar inda ya shiga, cikin ladabi, ta hannun kwamitin kula da makaranta da sakataren ilimi da kansila da mai gari, nasiha ce ga shugabanni, nasiha kuwa tana cikin ginshiƙan addini.

Kai kuma ɗan kwangila, da kai ma'aikacin da ke sa hannu cewa aiki ya kammala, ku saurara da kyau. Akwai wani bawa mai suna Mid'am da ke yi wa Annabi hidima. Bayan yaƙin Khaibar kibiya ta same shi ya mutu, mutane suka fara yi masa murnar shahada. Sai Manzon Allah ya rantse cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi ɗaya ne fa, kuma a hannun wanda ke hidima ga fiyayyen halitta. To ina ga wanda ya rage siminti a ginin aji, ya sa kwano mai rauni da iskar farkon damina za ta yaye, ya karɓi kuɗin rijiyar burtsatse bai haƙa ba? Wallahi gabana na faɗuwa in na tuna wannan hadisi. Duk yaron da rana ta gasa a wannan aji, ko rufi ya faɗo masa, zai tsaya da kai a gaban Allah.

Akwai wani abu da kunya ke hana mu faɗa, ni kuwa zan faɗe shi. Yarinyar da ta fara girma, in makaranta ba ta da banɗaki mai ƙofa da ruwa, za ta fara fashi kwana huɗu ko biyar duk wata, daga nan sai a ce ba ta son karatu, a ɗora mata farantin talla. Mu da muke wa'azin kunya da sutura, mu ya fi kamata mu tsaya kai da fata a gina wa 'yan mata nasu banɗakin daban, a kuma ƙara malamai mata da za su iya kai wa kukansu.

Malamai, masu fitowa daga Kwalejin Ilimi ta Gumel da alarammomin tsangaya, Allah ya saka muku da alheri, aikinku gadon annabawa ne. Amma yaron da ke rawar jiki in ya hango bulala, tsoro ya cika masa kai, karatu ba shi da wurin shiga. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa jin ko tsaki daga bakinsa ba. Nana A'isha ta shaida cewa Annabi bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba.

Saboda haka a cikin makon nan kowane uba ya taka da ƙafarsa zuwa makarantar ɗansa. Ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya girgiza ƙofa, ya leƙa banɗaki, ya tambayi hedimasta inda yara ke shan ruwa da wanda ke gadi da dare. Abin da kuka gani ku rubuta, limamai su karanta shi bayan sallar Juma'a, a naɗa mutum uku amintattu su kai takardar ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, su kuma sa ranar da za su koma jin amsa. Abin da bai fi ƙarfinku ba, kamar dasa darbejiya domin inuwa, ko shinge, ko randar ruwa a bakin aji, ku haɗa hannu ku yi tun kafin kuɗin riɗi da zoɓo na bana su ƙare.