A Hannun Wa Lokacin Yake?

'Yan'uwa, masu noman rani a Tomas da Watari sun sani, in hanyar ruwa ta toshe, fangalin da take shayarwa shi ke bushewa. Haka zuciya take. Idan gudan jini ya toshe ɗaya daga jijiyoyin da ke shayar da ita, naman wurin yakan fara mutuwa, abin da ya mutu kuwa ba ya dawowa.

Likitoci suna da hanya biyu ta buɗe jijiyar. Ta farko, allura mai narkar da gudan jinin. Ta biyu, a zura siririn bututu ta hannu ko cinya har zuciya, a hura 'yar balan-balan ta buɗe wurin, a bar ragar ƙarfe ta tokare shi. Likita Andreas Grüntzig ne ya fara aikin balan-balan ɗin a Zurich a 1977. Ta biyun ta fi, muddin za a same ta cikin awa 2. In ba haka ba, a yi allurar, wadda amfaninta kaɗan ne bayan awa 12.

To, ina awoyin nan suke tafiya? Manomi a Kunci ko Makoɗa ya ji ƙirjinsa kamar an ɗora dutse, ga zufa, ga ciwon yana sauka hannun hagu. Sai mu ce olsa ce. Mu jira gari ya waye, mu jira babban wa, mu tsaya shawarar wa zai biya mota. In ya cika, mu ce kwana ya ƙare.

Gaskiya ne, rai na Allah ne. Amma jinkirin namu ne, bai kuwa dace mu jingina wa Ubangiji abin da ya damƙa a hannunmu ba. Wani zai ce talauci ne, ba sakaci ba. Haka ne. Shi ya sa nauyin bai tsaya kan gida ɗaya ba: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka, kowace majami'a ta ware asusun gaggawa, ta san mai motar da za a tasa ko da tsakar dare. A kai mara lafiya asibiti mafi kusa; in an tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a wuce nan take. Kada a tambayi addininsa. Mu kuma roƙi hukuma ta wadata asibitocin karkara da na'urar gwajin zuciya da allurar nan.

Likita ke buɗe jijiya, maƙwabci ke buɗe hanya. Allah ya sa a same mu a shirye.