Kafin Alƙalami

A ƙarshen watan Fabrairu na 2020 na ƙirga jika 150 na damƙa wa wata hajiya mai girkin buki a unguwarmu, nan Damagaram. Kafin alƙalami ne na abincin walimar ƙanwata, wadda aka sa ranar aurenta farkon Afrilu. Duk wanda ya san garin nan ya san matsayin watan Sha'aban a wurin masu irin wannan sana'a. Kowa na gaggawar kai amarya ɗakinta kafin azumi ya kama, don haka mai girki, mai hayar rumfa da kujeru, mai ƙunshi, tela, mai hoto da maroƙi, duk a ƴan makonnin nan suke tara abin da zai kai su har bayan Salla. Kakarsu ke nan, kamar yadda manomi ke da tasa.

Ranar 17 ga Maris shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya yi jawabi. Aka rufe iyakoki da makarantu, aka rufe mashaya da gidajen rawa da na silima, aka hana taron da ya wuce mutum 50, har da na aure da na suna. Kwana biyu bayan haka aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a ƙasar. Muka ɗaura auren a zaure, mu ƴan kaɗan, aka raba goro da dabino aka watse. Babu walima.

Bayan mako guda na je karɓo kuɗina.

"Mushe, na riga na sayi shinkafa da mai da itace," in ji ta. "Kuma ba kai kaɗai ba ne, ku biyar ne."

Na ce, "Hajiya, ai ni ma ba ni na hana bukin ba."

Ta ce, "Haka ne. To ka ba ni lokaci."

Sau uku ta biya ni, na ƙarshen bayan babbar Salla. Sai daga baya matata ta ji a bakin mata cewa manyan tukwanenta biyu ta sayar ta sallame mu.

Ban ci haƙƙin kowa ba, in dai ta fuskar doka ce. Malamin da na tambaya ma cewa ya yi aikin da ba a yi ba babu ladansa, kuɗina halalina ne. Abin da ya hana ni sakat shi ne, ni malamin makarantar gwamnati ne. Daga 20 ga Maris har 1 ga Yuni ban shiga aji ba, amma ko dala ba a rage mini a albashi ba. Doka ɗaya ce ta zaunar da mu a gida ni da hajiya. Ni na fito da albashina da jika 150 ɗina, ita ta fito babu tukwane biyu. Tun daga lokacin nake juya wannan tambaya: idan hukuma ta rufe ƙofar sana'ar mutum don lafiyar kowa, asarar ta wa ce?

Amsar da na fi ji a majalisa ita ce kasuwa riba da asara ce, annoba kuma daga Allah take, ba gwamnati ta kawo ta ba. Da gaskiya a ciki. In gobara ta cinye shagon mutum, jaje ake yi masa, ba ya bin kowa bashi. Amma ni ban ga cuta ta kori kowa daga gidan buki a garinmu ba. A ƙasashen Turai wataƙila tsoro kaɗai ya isa ya kwashe mutane daga gidajen abinci ko da ba a hana ba. Mu nan da yawa ba su ma yarda akwai cutar ba, har tarzoma aka yi a Yamai gab da azumi saboda dokar hana fitar dare da hana sallar jam'i. Da an bar mu, da rumfar hajiya ta cika maƙil. Umarni ne ya kashe mata wuta, kuma don a kare ni da tsofaffin gidanmu aka ba da shi. Ba na sukar umarnin. Ƙasar da likitocinta da gadajen asibitinta ba su kai sun kawo ba, dole ta yi rigakafi da wuri.

Abin ya fi kama da gonar da hanya ta bi ta cikinta. In gwamnati za ta shimfiɗa kwalta ta karɓi filin mutum, dokar ƙasa ta ce a biya shi diyya, domin bai kamata hanyar da dubbai za su bi ta zama a wuyan mutum guda ba. Babu mai kiran wannan diyya sadaka, babu mai cewa mai gona ya yi godiya. To watan Sha'aban na hajiya ma an karɓe shi ne don amfanin jama'a. Bambancin kawai, shi fili ana iya auna shi da igiya.

Wasu ƙasashe sun gwada aunawa. Da Jamus ta rufe gidajen abinci da wuraren taro a Nuwamban 2020, ta yi alkawarin biyan ƙananan kamfanoni kashi 75 cikin 100 na cinikin da suka yi a Nuwamban 2019. Faransa ta fara da ba ƙananan ƴan kasuwa har yuro 1,500 a wata, wato kusan miliyan guda na kuɗinmu, a lokacin da mafi ƙarancin albashi a nan bai wuce jika 30 da ƴan kai ba. Ba na kawo waɗannan don a ce mu yi irinsu. Wanda ya ce Nijar ta biya kamar Jamus wasa yake yi. Abin lura shi ne yadda suka iya aunawar: kowane gidan abinci yana da lissafin cinikinsa na bara a ofishin haraji.

Mu ma an yi wani abu. Gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da wuta na Afrilu da Mayu. An sassauta wa otal-otal haraji, kuma sun cancanta, don manyan da aka gina a Yamai saboda taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019 ko shekara ba su yi ba suka wayi gari babu baƙo. An kuma ware rancen biliyan 150 ta hannun bankuna don kamfanoni. Sai dai duk ƙofofin nan da takarda ake buɗe su: lambar haraji, rijistar kasuwanci, asusun banki, lissafin shekara. Hajiya lissafinta a kanta yake da wani tsohon littafin ɗan makaranta da jikarta ke rubuta mata. Mata shida ke aiki a ƙarƙashinta ranar buki, ban da yaran da ke jido ruwa da mai kura da ke kai tukwane. A idon banki babu ɗayansu da ke wanzuwa.

Wani abokina da ke aikin haraji ya ce mini wanda ya ƙi shiga rijista ranar biya, kada ya yi kuka ranar rabo. Maganar ta tsaya mini a rai kwana biyu, don ba shirme ba ce. Kuma kuɗin da za a biya diyyar ai daga aljihun wani za su fito, har da manomin ƙauye da bai taɓa cin shinkafar walimar birni ba. Amma duk jarkar mai da hajiya ta saya da harajinta a cikin farashin, ko ta sani ko ba ta sani ba. Sannan ranar hanawa babu wanda ya tambaye ta takarda. Dokar ta san hanyar gidanta sarai da za a kashe murhu, sai da aka zo biya ta ɓace.

Har nan maganar tana da daɗin faɗa, tunda laifin na can sama ne. Inda take ɗaci shi ne, in na ce jama'a ce ta amfana don haka jama'a ce ke da bashin, to ni wane ne in ba jama'ar ba? Gwamnati ba ta san hajiya ba, ni na san ta. Na san ɗakin da ta jibge buhunan shinkafar. Ba na buƙatar lambar haraji kafin in gane nawa ta yi asara. Diyyar da nake cewa baitulmali ya kasa biya, wani yankinta yana cikin aljihuna ranar da na tsaya a ƙofar gidanta: in ce mu raba asarar biyu, ko in karɓi shinkafar da man a madadin kuɗi, ko in ce ta riƙe har wani bukin. Ko ɗaya bai zo mini ba. Abin da na riƙe kawai shi ne ba ni na hana ba, wanda kuma shi ne abin da kowa ya riƙe, daga mu biyar ɗin har ofisoshin Yamai. Da haka asarar ta yi ta gangarowa, kowa na miƙa wa na ƙasa da shi, har ta isa wurin wadda ba ta da wanda za ta miƙa wa.

Da ƙanwata ta haihu a 2021, ita na ba girkin suna. Ta zo da tukwanen haya, ta kuma faɗa mini tun farko cewa kuɗin hayar na cikin lissafi. Na biya ban nemi ragi ba. Da yamma, ana wanke-wanke, na ɗauko maganar bara ina kame-kame, na ce ina ganin akwai abin da ya rage tsakaninmu.

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Mushe, ai na biya ka duka. Ko akwai saura?"

Na ce babu. Ta juya ta ci gaba da ƙirga faranti.