Wa Ke da Asirin Mamaci?

A Azare, kamar sauran garuruwan ƙasar Katagum, idan mutum ya cika da hantsi, da wuya a yi sallar la'asar ba a kai shi makwancinsa ba. Kafin a sa shi a makara kuwa, mutum biyu ko uku ne kan shiga su yi masa wanka, kuma ba kowa ake kira ba, sai wanda aka shaida da riƙon amana. Duk abin da mai wanka ya gani a jikin mamaci, ko tabo ne, ko ƙurji, ko wata nakasa da marigayin ya shekara hamsin yana lulluɓewa da riga, to ya gani ke nan, ba zai fito ya faɗa a zaure ba. Malamai sun yi horo da haka, al'ada ma ta ƙarfafa shi, shi ya sa Bahaushe ya kira hidimar gaba ɗayanta da suna sutura. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, zamani ya zo da wani mai dubawa wanda ganinsa ya zarce fata, ya shiga cikin jini da tsoka, kuma har yanzu ba mu zauna mun yanke masa iyakar abin da zai faɗa ba.

A ƙarshen shekarar 2006 wani mutum ɗan shekara 57 ya rasu a ƙasar Ostireliya sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, kwana goma bayan dawowarsa daga ziyarar wata uku a yankin tsohuwar Yugoslabiya. Aka yi masa gwaje-gwajen da aka saba, ba a ga komai ba, sai aka ɗauki hantarsa da ƙodojinsa biyu aka dasa wa mata uku. Cikin mako huɗu zuwa shida dukkansu suka rasu da zazzaɓi. Likitoci suka nemi duk cutar da suka san sunanta, ba su same ta ba, domin gwajin da aka saba yana kama da mai cigiya ne: sai ka faɗa masa kamannin abin da ya ɓata kafin ya nemo. Daga bisani aka aika da samfurin zuwa Jami'ar Kolambiya da ke Amurka, inda aka bi wata hanya daban, wato aka karanta jerin ƙwayoyin halittar duk abin da ke cikin naman, na mutum da na baƙon da ya ɓuya a ciki, sannan kwamfuta ta tace. Daga cikin gutsattsari 103,632 da aka karanta, goma sha huɗu kacal suka tona asirin wata ƙwayar cuta da ba a taɓa sani ba. An buga sakamakon a 2008.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Katagum da Ostireliya. To, ƙwayar da aka gano ɗin dangi ɗaya take da ta zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, kuma Jihar Bauchi na cikin jihohin da wannan zazzaɓi ya fi addaba duk rani. Ga kuma ciwon ƙoda da ya daɗe yana cin mutane a kwarin kogin Haɗeja da Jama'are har zuwa Gashuwa. Kaɗan ne a cikinmu ba su san gidan da aka sayar da gona ko shanu saboda wankin ƙoda ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, sai dai kusan duk dashen da ake yi a Nijeriya daga mai rai ake ɗauka, ɗan'uwa ya ba ɗan'uwa, mace ta ba mijinta. Inda ɗan'uwa ya rasa kuwa, kuɗi kan shigo, kuma kowa ya ji yadda ta kaya da Sanata Ike Ekweremadu, wanda kotun Landan ta ɗaure a 2023. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, ta kuma ba mutum damar yin wasiyya da nasa bayan mutuwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashe daga mamaci bisa izininsa ko na magadansa. Ke nan ƙofa a buɗe take ta fuskar doka da ta shari'a, kuma ɗaliban Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021 su ne za su tsaya a bakin wannan ƙofa.

Mu ƙaddara wani magidanci ya yi haɗari a hanyar Azare zuwa Fataskum, ya cika a asibiti, 'yan'uwansa suka ce a ɗauki ƙodarsa sadaka ce. Shin da suka ba da ƙodar, sun ba da asirinsa ne? A ganinmu sun ba da wani ɓangare nasa, ko sun sani ko ba su sani ba. Wanda za a dasa wa ƙodar ana ba shi magungunan da ke karya garkuwar jikinsa don kada jikin ya ƙi baƙon, saboda haka cutar da mai lafiya zai sha da ƙyar, shi kashe shi za ta yi. A Amurka, a 2004, mutum huɗu sun mutu da cutar haukan kare daga sassan mutum ɗaya da jemage ya ciza ba a sani ba. Wanda ya ba da kyauta yana da alhakin kada kyautar ta zama ajali, kuma tun da mamaci ba zai iya ba da labarin inda ya je da abin da ya same shi ba, dole jininsa ya yi magana a madadinsa. Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun yarda. Amma a lura, mai wanka kaɗai ke ganin cibin.

A nan ne maganar ta yi nauyi. Idan na'ura ta ga cutar ƙanjamau ko ciwon hanta a jinin marigayin, likita ya sani, ya tsare mai karɓa, wannan ba gardama. To matarsa fa, wadda ke zaune cikin takaba, wataƙila da ciki ko da goyo? Wasu za su ce a rufa wa mamaci asiri, kada a ɓata masa suna a wurin iyalinsa bayan ba ya nan balle ya kare kansa. Mu dai ba mu ga yadda za a yi shiru ba. Suturar mamaci an yi ta ne don kare mutuncinsa daga bakin mutane, ba a yi ta don a bar mai rai ya halaka a kan abin da yake da magani ba. Sai dai yadda za a faɗa ɗin shi ne aikin: a gaya mata ita kaɗai, a ce ta zo a gwada ta, ba a gaya wa yayan miji ko surukai ba, duk da cewa a garuruwanmu su ne kan tsaya a gaban likita, su ne kuma suka sa hannu a takardar. Wanda ya san yadda magana kan fita daga asibiti ta riga mai ita isa gida zai gane cewa wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan, wanda ba a cika ambata ba. Yawancin abin da na'urar ke karantawa na mutumin ne da kansa, na ƙwayar cuta ɗan kaɗan ne, kamar yadda lissafin Ostireliya ya nuna. A cikin wancan tarin da ake tacewa akwai gadon sikila, akwai cututtukan da 'ya'yansa ka iya gada, akwai ma abin da za a iya gwama shi da jinin wani a ce wane ɗan wane ne ko ba ɗansa ba ne. Shari'a ta daɗe da rufe wannan ƙofa, ta jingina ɗa ga shimfiɗar aure, don kada zuri'a ta wargaje a kan zato. Babu wani amfani da mai karɓar ƙoda zai samu daga wannan sani. Don haka muna ganin wajibi ne a share wannan ɓangare tun kafin ido ya gan shi, kada a adana shi da sunan bincike, domin abin da aka adana a kwamfuta wata rana rigimar gado za ta nemo shi.

Kada kuma a ɗauka yawan sani kullum alheri ne ga mara lafiya. Jikin kusan kowane mutum na ɗauke da ƙwayoyin da ba sa cutarwa, kuma na'ura ba ta bambance mai laifi da ɗan kallo. Likitan da ya tsorata da duk sunan da ya gani a takarda zai zubar da ƙodar da za ta raya wani. Dakta Elmi Mula ta birnin Kef a Afirka ta Kudu ta nuna tun 2008 cewa ƙodar mamaci mai ƙanjamau na iya raya wani mai ƙanjamau. Ga kuma lokaci: ƙoda ba ta jure fiye da yini ɗaya zuwa ɗaya da rabi a wajen jiki, zuciya kuwa sa'o'i kaɗan ne, alhali karatun kan ɗauki lokaci, musamman idan sai an kai samfurin nesa, irin cibiyar Farfesa Kiristiyan Hapi da ke Ede a Jihar Osun. Jana'iza ba za ta jira ba, ba ta ma buƙatar jira, tun da jini kaɗan ake ɗiba. Amma sau da yawa sakamakon zai iso ne bayan an yi dashen, an yi sadakar uku, wataƙila har ta bakwai.

Saboda haka tun a daren rasuwar ya kamata a yi wa magada bayani, da Hausa, a rubuce da boko da ajami, cewa za a duba jinin, ga abin da za a nema, ga wanda za a gaya wa, ga abin da za a share. Wasu za su ji haka su fasa ba da kyautar, wani kuma da ke jiran ƙoda a Kano ya koma kan na'urar wanki. Mun san da wannan hasara, mun kuma zaɓe ta a kan a karɓi sa hannun mutanen da ba su san abin da suka bayar ba.