Rigakafi Sababi Ne, Ba Laya Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa Musulmi, akwai wata shubuha da ta shiga gidajenmu tun zamanin korona. Sai ka ji mutum yana cewa, "Wane an yi masa allura har sau biyu, ga shi cutar ta kama shi. To ina amfaninta?" Daga nan sai ya hana a kai 'ya'yansa rigakafin kowace irin cuta. Wannan magana fa tana cin rayuka, don haka tsaya ka ji yadda al'amarin yake.

A ran 24 ga Nuwamba, 1442 ta wuce ana cikin 1443 ta Hijira, wato 2021, Afirka ta Kudu ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cewa an ga wani sabon nau'in korona, wanda aka sa wa suna Omikron. Nan da nan ƙasashe suka hana jirage shigowa daga kudancin Afirka. Ingila ta ƙara da Nijeriya cikin jerin a farkon Disamba. Amma ran 15 ga watan ta soke jerin baki ɗaya, domin cutar ta riga ta bazu cikin garuruwanta. Dalili kuwa, mutum yana iya yaɗa ta tun bai san yana ɗauke da ita ba. Kafin a ja ƙyaure, ɓarawo yana tsakar gida.

Haka kuma masana suka gano cewa allura biyu ba su cika hana mutum kamuwa da wannan nau'i ba, saboda ƙwayar ta sake kama, kuma ƙarfin allurar yana raguwa bayan 'yan watanni. Amma sun tabbatar tana rage kwanciya asibiti da mutuwa ƙwarai, musamman ga tsofaffi. Ka ga kenan, abu ne mai amfani, mai iyaka.

To, ka sani mutane biyu ne suka ɓata a nan. Na farko ya ɗauki allura kamar laya, yana ganin ita ce ke tsare shi da kanta. Wannan ya taɓa tauhidinsa, domin babu mai amfanarwa ko cutarwa sai Allah. Na biyu ya ce tun da ba ta tsare kowa da kowa ba, sai a bar ta, a yi tawakkali. Wannan kuwa bai san tawakkali ba. Shin don wata shekara damina ta yi gardama, ka taɓa ganin manomi ya daina shuka?

Dubi abin da magabata suka yi. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya nufi Sham, sai labari ya tarye shi a Sargu. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya nuna masa cewa makiyayin da ya kai raƙumansa wurin ciyawa da wanda ya kai su faƙo, kowannensu cikin ƙaddara yake. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya shaida cewa ya ji Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin annoba, ya kuma hana na ciki fita don gudu. Duk da haka annobar ta ɗauki Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal. Shin mutuwarsu ta ɓata umurnin Annabi? A'a. Sababi naka ne ka riƙa, sakamako na Allah ne.

Kuma kada ka auna dukkan allurai da mudu ɗaya. Agana, wadda kakanninmu suka sha azabarta, da rigakafi Allah Ya kawar da ita, aka bayyana ƙarewarta a duniya a 1980. Ƙyanda ta fi korona ta farko saurin yaɗuwa, mai ita ɗaya yana iya harbin mutum 12 zuwa 18 cikin waɗanda ba su da kariya, amma allurarta biyu suna tsare kusan 97 cikin 100. Kuma mun gani da idonmu: da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, har zuwa Yulin 2004, cutar ta tsallaka ƙasashe, ta kai har Yaman da Indonesiya. Yaran da suka gurgunce a lokacin, yau magidanta ne, suna jan jiki a gabanmu.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, ɗanka amana ce, kuma za a tambaye ka. In ya kai wata tara ka sa a kai shi allurar ƙyanda, a koma ta biyu a wata goma sha biyar. In zazzaɓi da tari sun kama ka, ka zauna gida, kada ka kai wa tsoho cuta cikin sahu. Ka yi wannan duka zuciyarka tana rataye ga Allah Shi kaɗai.

Allah Ya tsare mu daga annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu cika da imani. Amin.