Me Ya Haɗa Ɗan Kankiya Da Teku?

Idan yaro daga Kankiya ko Kusada ya gama sakandare ya ce zai karanta likitanci, ko aikin gona, ko shari'a, kowa sai ya sa masa albarka. Amma ya ce shi ilmin teku zai karanta, to lalle sai an yi masa dariya, har wani ya tambaye shi ko ya taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Zobe. Dariyar nan kuwa akwai tambaya mai nauyi a ƙarƙashinta: shin ya dace ɗan manomi, wanda aka sayar da gero da akuya aka ilmantar, ya tafi neman sanin abin da babu shi a garinsu? Hidima ce wannan, ko kuwa gudun gida?

Da farko ya kamata mu san abin da ake karantawa. Ɗalibin ilmin teku yakan koyi lissafi da kimiyyar sinadarai da ta halittu, sa'an nan ya shiga binciken igiyar ruwa, da zafinsa, da gishirinsa, da kifaye da tsirran da ke cikinsa, da yanayin ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Ana koyar da shi a Jami'ar Kalaba da Jami'ar Fasaha ta Akure, kuma tun 1975 aka kafa Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya a Ikko. Wanda ya ƙware yana iya aiki a wannan cibiya, ko a tashoshin jiragen ruwa, ko rundunar sojan ruwa, ko kamfanonin haƙar mai, ko hukumar hasashen yanayi, ko ya koyar. A 2023 ma gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata guda domin harkokin teku da arzikinsa.

Masu suka suna da hujja, kada mu raina ta. Suna cewa ƙauyukanmu likita suke nema, da malamin makaranta, da malamin gona. Ayyukan da muka lissafta kuwa yawancinsu suna Ikko ne da Fatakwal da Kalaba, tafiyar kilomita 1,000 ko fiye. Yaro zai je, ya yi aure can, ya gina gida can, sai da salla a gan shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Me uwar da ta yi kuli-kuli ta biya masa kuɗin jarrabawa za ta tsinta a ciki?

Amsar tana cikin hadarin da ke tasowa kowace damina. Ruwan da ke sauka a gonakin Kusada daga Tekun Atilantika yake. Idan bazara ta yi, ƙasa ta ɗauki zafi fiye da teku, sai iska mai laima ta taso daga kudu maso yamma, ta riƙa ture iskar hunturu zuwa arewa sannu a hankali. Shi ya sa ruwa ke fara sauka a kudu, ba ya zaunawa sosai a wajenmu sai wajen watan Yuni, ya kuma ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Watau abincinmu na shekara ɗungum ya rataya ne a kan iskar da ke zuwa daga ruwan da yawancinmu ba mu taɓa gani ba.

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, sa'ad da shanu suka mutu, rumbuna suka ƙone, mutane suka bazu ci-rani. An daɗe ana ɗora laifin duka a kan talaka, wai shi ya sare itatuwa, dabbobinsa suka cinye ciyawa. Amma a 1986 masana a hukumar yanayi ta Ingila, da Folland a gabansu, suka nuna cewa ƙarancin ruwa a yankin Sahel yana tafiya tare da sauyin zafin tekunan duniya. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ƙarfafa wannan bayani. Dubi fa, mai karatu: binciken teku ne ya rage wa manomin Sahel nauyin zargin da aka aza masa. Hasashen damina da hukumar yanayi ta Nijeriya take fitarwa kowace shekara ma yana dogara ne da zafin ruwan Tekun Fasifik. Manomin da ya ji cewa damina za ta gajarta zai nemi iri mai saurin nuna tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani zai ce ai ruwa na Allah ne. Haka yake, babu musu. Amma Allah ya sanya wa kowane abu sababi, kuma sanin sababi ba ya hana roƙon ruwa, kamar yadda zuwa asibiti ba ya hana addu'a. Malamanmu sun karantar da mu cewa akwai ilmin da yake farillar kifaya: in wasu suka ɗauka sun ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Al'ummar da cinta da shanta ke zuwa daga teku, amma babu ɗanta ko ɗaya da ya san teku, ta yarda ke nan ta zauna kullum tana jiran wasu su gaya mata makomarta.

Sai dai wannan hujja ba ta wanke kowane mai tafiya ba. Abin da ke raba hidima da gudun gida shi ne abin da mutum ya mayar. Ba sai ya dawo da akwatinsa ya tare a Kankiya ba. Amma in ya san hasashen bana, ya bar shi cikin rahoton Turanci a ofis, alhali kawunsa na shuka a kan ruwan farko yana asarar iri, to ya ci amana. Bashin da ke kansa shi ne ya juya saninsa zuwa Hausa, ya kai shi rediyo da wurin malaman gona, ya taimaki masu kiwon kifi da masuntan madatsunmu, ya kuma riƙe hannun ƙannensa masu son bin sawunsa. A nan mu ɗaliban Hausa ma muna da namu kason, domin mu ne ya wajaba mu ƙirƙiro kalmomin da za a faɗi wannan ilmi da su.

Saboda haka ina kira ga iyaye da kada su auna amfanin ilmi da nisansa daga ƙofar gida. Su tambayi yaron abu ɗaya kurum: in ka samo, me za ka kawo mana? In yana da amsa, a sa masa albarka ya tafi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani da damina mai albarka, amin.