In Gwani Ya Tsufa Ya Yi Tuntuɓe

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol, wanda mutanen ƙasar suke so ƙwarai da gaske. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara a fili. Mutum guda yakan tsaya bisa wani ɗan tudu ya jefo ƙwallo mai tauri, kamar girman lemo, abokin hamayyarsa kuwa yana tsaye da kulki yana jira ya make shi. Tsakaninsu ƙafa 60 ne da inci 6. In mai jifa ƙaƙƙarfa ne, ƙwallon yakan yi gudun mil 90 a sa'a guda, ko fiye, ya iso gaban mai kulki tun rabin sakan bai cika ba. In mai kulki ya kuskure sau uku, an fid da shi ke nan. In kuwa ya sami ƙwallon ya aika da shi nesa, sai shi da 'yan'uwansa su sheƙa da gudu su ci maki. Saboda haka nauyin wasan galibi a wuyan mai jifa yake.

Akan fara wasannin shekara wajen farkon watan Afrilu, a ƙare wajen ƙarshen Satumba, kowace ƙungiya ta yi wasa 162. Babban mai jifa ba ya fitowa kullum, sai wajen sau ɗaya a kwana biyar, domin hannunsa ya huta. Wanda ya ci wasa 20 cikin shekara guda, ana lissafta shi cikin manyan gwanaye. To, ita wannan sana'a ƙarfin kafaɗa da gwiwar hannu take ci, shi ya sa tsufa yakan riski masu ita da wuri. Kusan kowace shekara ba a rasa wani tsohon gwani da zai yi ta faɗuwa a makonnin farko, mutane su shiga gardama a kansa. Waɗansu su ce ya ƙare, a sallame shi. Waɗansu su ce a yi masa haƙuri. Su wa ke da gaskiya? Shi kansa kuma, me ya wajaba a kansa?

Akwai wani mai jifa, sunansa Mike Mussina, an haife shi cikin 1968. Ya yi shekara goma yana yi wa ƙungiyar birnin Baltimo wasa, sa'an nan cikin 2001 ya koma ƙungiyar Yankees ta birnin Niyok. Cikin 2007 al'amarinsa ya lalace, ya ci wasa 11, an cinye shi 10, har cikin watan Agusta aka tsame shi na ɗan lokaci daga jerin masu fara jifa. Da shekarar 2008 ta kama yana da shekara 39, cikin wasanni huɗu na farko sai ya ci ɗaya, aka cinye shi uku. Nan fa surutu ya tashi. Har ɗaya daga cikin 'ya'yan mai ƙungiyar, watau Hank Steinbrenner, ya faɗa a bainar jama'a cewa ya kamata ya koyi irin jifan Jamie Moyer, wani dattijo mai shekara 45 wanda ke jifa a hankali da wayo.

Masu cewa ya ƙare suna da hujja, gama ƙarfin jifansa ya ragu, bai cika kaiwa mil 90 ba. Amma da shekara ta ƙare sai ga shi ya ci wasa 20, an cinye shi 9 kaɗai. Wasan na 20 ɗin a birnin Bostan ya ci shi, a ranar ƙarshe ta wasannin shekara. Abin da bai taɓa samu ba duk zamanin ƙuruciyarsa, shi ya samu yana bakin arba'in. Abin da ya yi kuwa shi ne, ya daina gasa da jikinsa na dā. Sai ya riƙa sassauya gudun ƙwallo, wani jifa da sauri, wani a sanyaye, wani ya lanƙwaso, yana saka kowane daidai inda ya nufa, har mai kulki ya rasa lokacin da zai kai duka.

Abu na farko da za a koya a nan ya shafi masu yanke hukunci. Wasa huɗu cikin wasa 34 da ya fito a wannan shekara kaɗan ne ƙwarai, ba su isa shaida ba. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma ba kowace Laraba ce ke faɗin gaskiyar Juma'a ba. Akwai kuma rashin adalci a ɓoye cikin irin wannan hukunci. In saurayi ɗan shekara 25 ya faɗi sau uku a jere, akan ce bai yi sa'a ba, ko sanyin Afrilu ne ya hana hannunsa sakewa. In dattijo ya yi irin wannan faɗuwa, sai a ce tsufa ne. Laifi ɗaya, hukunci biyu. Wanda ya riga ya ƙudura a ransa cewa mutum ya tsufa, kowane tuntuɓe ya gani sai ya ɗauke shi shaida, alhali kuwa furfura yake dubawa, bai dubi aikin ba.

Amma kada mai karatu ya zaci haƙuri kullum yakan haifar da irin wannan. Ga labarin Steve Carlton, bahago, wanda ya fi Mussina suna. Sau huɗu ana ba shi lambar girma ta mai jifan da ya fi kowa cikin rukuninsu, watau 1972 da 1977 da 1980 da 1982. Cikin 1985 kafaɗarsa ta sami rauni, ya ci wasa ɗaya tak, aka cinye shi takwas. Shekarar 1986 ta kama yana da shekara 41, abin bai gyaru ba, har cikin watan Yuni ƙungiyar Filadelfiya, wadda ya yi wa aiki tun 1972, ta sallame shi. Bai yarda ya ajiye ba. Ya tafi San Faransisko, ya tafi Shikago, ya tafi Kilibilan, ya tafi Minesota, kusan ko'ina labarin ɗaya ne. Cikin Afrilu na 1988, bayan ya fito sau huɗu, aka sallame shi sallamar ƙarshe. Ba kasala ce ta kā da shi ba, gama an san shi da tsananin horar da jiki. Akwai irin raguwar da dabara ke rufewa, akwai kuma wadda ta fi ƙarfin dabara. Kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Wannan ya nuna haƙurin ma yana da iyaka, domin wani ke biyan kuɗinsa. Duk ranar da aka miƙa wa tsohon gwani ƙwallo don kunyar idonsa, akwai abokan wasansa da za su yi gumi a banza, akwai 'yan kallo da suka biya kuɗin ƙofa, akwai kuma wani yaro a zaune yana jiran a gwada shi, kwanakin ƙuruciyarsa suna wucewa. Shugaban da ya riƙe mutum saboda aikinsa na jiya kaɗai, ya kyauta wa mutum ɗaya ya cuci da yawa. Aikin jiya yana da hakki, hakkinsa kuwa shi ne a ba mutum isasshen lokaci ya nuna abin da ya rage gare shi, a faɗa masa gaskiya a fuskarsa kafin a faɗa wa duniya, in kuma sallamar ta zama tilas a yi ta cikin mutunci.

Wani zai ce, to, ashe Carlton ya yi laifi da ya nace? Laifi dai ba a ce ya yi ba. Bai yaudari kowa ba, waɗanda suka ɗauke shi idonsu a buɗe yake, kuma mutum yana da iko ya nemi abincinsa da sana'ar da ya iya muddin akwai mai ɗaukarsa. Shekarun wahala ba su shafe na daɗi ba, gama ya tashi da nasara 329, cikin 1994 kuma aka shigar da sunansa cikin zauren tunawa da gwanayen wasan. Abin da za a ce kawai shi ne, taurin zuciyar da ya kai shi ga ɗaukaka, shi ne ya hana shi ganin yamma ta yi. Wannan kuwa ciwo ne na gwanaye, domin duk rayuwarsu sun saba a ce ba za su iya ba, su iya.

Shi Mussina, da ya ci wasa 20 ɗin nan, sai ya ajiye sana'ar a ƙarshen 2008, yana da nasara 270, saura 30 ya cika 300, adadin da kowane mai jifa ke buri. Mai yiwuwa da ya zauna da ya kai. Mai yiwuwa kuma da abin da ya sami Warren Spahn ya same shi, wanda ya ci wasa 23 cikin 1963 yana da shekara 42, shekara na zagayowa ya ci 6 aka cinye shi 13. Shekara mai kyau ba ta ɗaukar wa tsoho alkawarin ta gaba. Shi ma Mussina an shigar da sunansa cikin wannan zaure cikin 2019.

Wannan magana ba ta tsaya ga filin wasa ba, ta shafi duk mai sana'ar da ke cin ƙarfi ko ido. Wajibin wanda shekaru suka kama shi ne ya zauna ya rarrabe abin da tsufa ya ɗauke da abin da ya bar masa. Abin da ya tafi, kada ya ɓata kwanakinsa wajen kiransa. Abin da ya rage, watau sani da natsuwa da iya karanta abokin karawa, ya gina sabuwar hanya a kansa, ko da zai zama kamar ɗan koyo a gaban yaran da ya girma. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. In ya yi haka aikin ya miƙe, to, masu surutu sun yi gaggawa. In kuwa ya sake hanya ya ba ta lokaci, abin bai miƙe ba, ya fi kyau ya miƙa ƙwallon da hannunsa tun ba a zo an karɓe ba.