Shaidar da Babu Mai Bin Diddiginta

A arewacin jihar Mishigan ta ƙasar Amurka akwai kurmin wani icce mai ganye kamar allura, wanda hukuma take tsaronsa saboda wani ɗan tsuntsu mai ruwan ɗorawa a ƙirji, ana ce da shi Kirtland. A ƙasa yake sheƙa, a gindin ƙananan itatuwan nan, in sanyi ya gabato ya yi ƙaura zuwa tsibiran Bahamas. A 1951 aka fara ƙidayarsa, da taimakon 'yan sa kai waɗanda ba a biyansu ko kwabo. Sukan yi sammako a watan Yuni su ratsa kurmin suna kasa kunne, duk namijin da suka ji yana waƙa su rubuta shi.

To, ga abin tambaya. Mutum ya jiyo murya can nesa, bai tabbata ba ko sabon tsuntsu ne ko wanda ya riga ya rubuta. Yana ƙaunar tsuntsun nan, in ba haka ba me zai fito da shi cikin raɓa da sauro? In ya ƙara ɗaya a takarda kowa zai yi murna, babu kuma mai iya ƙaryata shi, domin tsuntsu ba ya zuwa gaban alƙali. Ashe akwai wanda ya zalunta?

Akwai, tsuntsun kansa. A 1961 an ji maza 502, a 1971 kuwa 201 kacal. Lamba ce mai ɗaci, amma ita ta sa a 1972 aka fara ɗana tarko ga wani tsuntsu mai zuba ƙwansa a sheƙarsu ya bar musu reno. Da kowane mai ƙidaya ya ɗan yi ƙari don tausayi, da an ci gaba da barci. Ragi ma cin amana ne, ko da niyyar mai yinsa ita ce a girgiza hukuma ta saki kuɗi, domin shaidar da aka kama da gyara sau ɗaya ba a sāke sauraronta.

A 1987 aka ji 167, alhali ana ta kama maƙiyin. Sai ta bayyana cewa kurmin ne ya tsufa, saboda an daɗe ana kashe gobarar da ke sabunta shi. Aka ƙara himma wajen sara da dashe. A 2019, da maza suka haura 2,000, aka cire tsuntsun daga jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu.